Launin Ƙura Ya Dawo Cikin Bokiti

Duk wanda ya kwana biyu rabonsa da Zariya, in ya sauka a Kwangila ya kama hanyar Samaru, zai ga garin ya sake riga. Daga Hanwa zuwa Palladan, daga titin Basawa zuwa Zango, sababbin gidaje da katangu, kantunan magani, ƙananan otal da ɗakunan taron biki, kamar sun haɗa baki a kan launi guda. Bai kai fari ba, bai cika ruwan toka ba, bai kuma faɗa ruwan ƙasa ba. Toka ce aka sirka da madara, aka ɗiga mata ɗan ja-jan ƙasa don kada ta yi wa ido sanyi. In ka leƙa cikin gidajen ma haka abin yake: bango da labule da kujeru da tayil duk dangi ɗaya, sai dai wani ya ɗan fi wani duhu. Wasu masu fenti su ce ash, wasu su ce kirim. Mai gida kuwa ba ya wahalar da kansa da suna, waya kawai yake zarowa ya nuna hoto, ya ce irin wannan yake so.

Haɗa launin sai gwani. Na taɓa zama a wani shagon fenti a Sabon Gari ina kallon wani dattijon fenta yana yi wa wani matashi haɗi. Ya buɗe bokitin farin fentin ruwa mai lita 20, ya ɗiga baƙi kaɗan, ya bi shi da ruwan ɗorawa, sannan ya lakato jar kala a bakin sanda ya shiga juyawa. Ya daɗe yana juyawa har zaren launin ya ɓace. Ya shafa a bayan kwali ya ajiye a rana, domin fenti jiƙaƙƙe daban, busasshe daban. Da ya bushe sai ya kai kwalin inuwa, ya dawo da shi bakin ƙofa, ya sake shiga da shi can ƙuryar shago ƙarƙashin ƙwan lantarki. Matashin ya ƙosa, ya sake miƙo waya. Dattijon ko kallonta bai yi ba, ya ce, "Samari, hasken waya daban, ranar Zariya daban. Wane irin ƙwai za ka sa a ɗakin, fari ko ja?"

Tambayar tana da tushe. Launin nan a kan siraɗi yake tafiya. In baƙi ya yi yawa, bango ya koma siminti tsirara. In ɗorawa ta rinjaya, ya zama kirim ɗin tsofaffin ofisoshin gwamnati. In ja ya zarce, sai a wayi gari falon Alhaji ya zama ruwan hoda. Haske kuma yana da nasa hukuncin. Ƙwan lantarkin da muka taso da shi, mai zafi da jan haske, wajen 2700 yake a ma'aunin Kelvin, shi kuwa farin ƙwan zamani da ake haɗawa da sola yakan kai 6500. Bangon da ya yi daɗin kallo da hantsi, in dare ya yi aka kunna masa wannan farin haske, sai ɗuminsa ya gudu, ɗaki ya yi fayau.

Yayin ba a Zariya ya fara ba, kuma masu cewa daga Dubai ko Turkiyya aka kwaso shi ba su yi ƙarya ba, ta can hotunan suka biyo. Tun a shekarun 1980 telan nan na Italiya, Giorgio Armani, ya yi suna da kwat masu wannan launi. Daga tufafi ya koma bango. A 2021, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida suna kallon bango huɗu, kamfanin Dulux ya zaɓi wani ruwan ƙasa mai sanyin hali a matsayin launin shekara, ya sa masa suna Brave Ground. A shekarar ce kuma cibiyar launuka ta Pantone ta zaɓi ruwan toka tare da ruwan ƙwai, a 2025 kuwa ta koma ga wani ruwan ƙasa mai laushi. Abin da aka zaɓa a can, bayan 'yan watanni yana cikin wayar amarya a Hayin Dogo.

Sai dai wanda ya san ƙetaren kogin Kubanni zai yi murmushi in ya ji ana kiran wannan launi baƙo. Birnin Zariya a cikinsa ya rayu ɗaruruwan shekaru. Ganuwa da zaure da soro duk daga ƙasar da ake takawa aka fitar da su. A haƙa birji a kududdufin unguwa, a kwaɓa da ciyawa, a mulmula tubali, a ɗora azara. In an zo yaɓe, ga makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, wadda ke ba bango duhun ja, ta kuma hana ruwa shiga. Ga farar ƙasa ta cikin ɗaki. Ga kuma laso, simintin kakanninmu, wanda ake haɗawa da katsin da aka kwaso daga marina aka ƙona aka daka, da gashin jima, da dafara. Laso in ya bushe a kan rufin soro ko kan zanko, toka-toka yake fita, da rana da ƙura sun yi aikinsu a kansa kuwa sai ya koma daidai abin da matashin nan ke nema a waya. Ko dutsen Kufena da ke tsaye yamma da gari, in rani ya yi ciyawa ta bushe a gindinsa, ba wani launi yake nunawa ba sai wannan.

To amma magabata ba su tsaya a launi ba, nan ne kuma darasin yake. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, mai sarauta daga 1834 zuwa 1846, ba da tarin launuka ya ba duniya mamaki ba. Bakan gizo ya tayar, ya ɗaure tulluwa, ya fitar da zane mai tudu da kwari a jikin ginshiƙai, ta yadda duk inda haske ya faɗo sai inuwa ta zana wani abu. Launi ɗaya ne, amma da safe fuskarsa daban, da la'asar daban. Har a Wusasa, da 'yan mishan suka tashi gina cocinsu a 1929, wannan fasahar suka ɗauka, suka yi ginin ƙasa irin na Hausa. A shekarun 1970 an kewaye tsohon masallacin da sabon gini na siminti, an kuma yi kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, alamar cewa tun a lokacin an fara jin abin na neman suɓucewa.

Haka abin yake a tufafi. Rigar tsamiya, wadda ake saƙawa da zaren da tsutsar daji ke yi, ba rini gare ta ba, launinta na asali ke nan, tsakanin toka da ƙasa. Duk da haka sai manya ke sa ta. Abin da ya ba ta daraja shi ne allurar masu ɗinkin hannu irin na cikin birnin Zariya, aska biyu ko aska takwas, zare a kan zare, wata da watanni ana abu ɗaya. Jeren ƙoran kakanninmu mata ma haka, ƙwarya ba ta da wani launi mai ihu, wuƙar mai sassaƙa ce ta sa ake tsayawa kallonta. Hausawa sun daɗe da sanin cewa launi mai kawaici yana son hannu mai magana.

Birni daga ƙasarsa ya tsiro, Sabon Gari kuwa jirgi ne ya kawo shi. Layin dogo ya iso Zariya a 1911, daga baya aka ja wani ƙaramin layi zuwa ma'adinan kuza na Jos, aka kuma miƙa wani ya bi ta Gusau har Ƙaura Namoda a 1929. Turawa suka yanka filaye a jere, tituna a miƙe, suka zaunar da ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Kamfanonin sayen auduga da gyaɗa suka kafa kantuna da sito, har yau unguwar PZ na ɗauke da sunan ɗaya daga cikinsu. Jirgin da ya tafi da auduga shi ya dawo da kwanon rufi da siminti da gwangwanin fenti. Gine-ginen hukuma suka zo da nasu tsarin: sama kirim ko ruwan ƙwai, ƙasa kuwa a ja ɗamara da fentin mai, kore ko ruwan makuba, don jar ƙasar da ruwan damina ke fantsamawa da hannun yara kada su ɓata bango. Duk wanda ya yi firamare ko ya kwanta asibiti a wancan zamani ya san wannan ɗamara.

Da aka samu 'yanci, aljihu ya fara nauyi, sai launi ya ɓalle. Kuɗin Udoji da aka raba wa ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970 da arzikin man fetur suka sa kowa na son gini. A 1975 jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cincirindo a tashar Legas, aka rasa inda za a sauke. Gidan ƙasa ya zama abin kunya, bulo ya zama shaidar an ci gaba. Wanda bai iya rushewa ba sai ya yi wa fuskar gidansa yaɓen siminti, ya kira mai zane. A Tudun Wada da cikin birni aka riƙa fitar da dagi da takobi, har da keke da mota da agogo da jirgin sama, a bi su da shuɗi da kore da ja da ruwan ƙwai. Wani masani Bajamushe, Friedrich Schwerdtfeger, ya yi shekaru yana bin waɗannan gidaje na Zariya, ya rubuta littafi sukutum a kan adon fuskokinsu. A Sabon Gari kuwa benaye ne masu baranda, wannan kore shar, wancan ruwan bula, na gaba ruwan hoda, wasu da shekarar gini rubuce a goshi.

A wancan zamanin na yi wayo, kuma abin da na fi tunawa shi ne launi adireshi ne. In aka aike ka, ba lamba za a ba ka ba. Za a ce ka wuce mai nika, ka bar koren bene a hannun dama, gida na biyu mai shuɗiyar ƙofa. Ɗakin amarya kuwa sai ka kare ido: kwalla da samira da fanteka jere har rufi, ja da fari da fure-fure, gado mai rumfa, leda mai zane a ƙasa, bango ruwan omo. Gwaggona in ta dawo daga ganin ɗaki, hukuncinta kalma biyu ne, ko ta ce "ɗaki ya cika", ko ta ja bakinta ta yi shiru. Da za a kai ta ɗakin amaryar yau, mai bango ruwan toka da kujeru ruwan toka da fure ɗaya tak a kan teburi, tambayar da za ta yi ita ce yaushe za a kawo kayan.

Samaru ta bi wata hanyar daban. Tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a can, a 1955 sashen zanen gine-gine da na zane-zane na kwalejin kimiyya da fasaha suka taso daga Ibadan suka dawo Zariya, a 1962 kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Manyan gine-ginenta, irin su ginin majalisar jami'a da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, sun koya wa idonmu kwarjinin kankare, faɗi da tsawo ba tare da ado ba. Amma a cikin wannan harabar ce aka fara tambayar ina namu yake. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suna cewa a ɗauki dabarar Bature a haɗa da gadon gida. A tsakiyar shekarun 1970 kuma, daidai lokacin da gari ke gudun ƙasa yana rungumar bulo, wani malamin zanen gine-gine Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya haɗa kai da maginan gargajiya suka gina wa jami'ar dandalin wasan kwaikwayo da jar ƙasa, da zagayayyun ɗakuna da zane a jikin bango.  Yanzu da aka waiwaya, ya fi gidaje da dama na wancan lokaci hangen nesa.

Me ya sa gari ya gaji da launuka ya koma ga mai kawaici? Dalili na farko kowace matar gida ta san shi: ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda a da can ƙasan wani makeken tafki ne. Shi ya sa ƙurar take fari-fari mai toka, akwai ragowar ƙananan halittun ruwa a cikinta. In ta sauka a kan shuɗin bango ko jar kujera, nan take take tona asiri. In ta sauka a kan launin da ya yi kama da ita, sai ta saje. Rana ma haka, tana cin kore da shuɗi da ja cikin 'yan shekaru su koɗe, shi kuwa wanda dama a koɗe ya zo, ba abin da za ta ƙwace masa. Ga shi launi mai haske ba ya tara zafi kamar mai duhu, abin da ba a raina shi a watan Afrilu.

Dalili na biyu kasuwa ce. Samaru da Palladan da Zango garuruwan haya ne, ɗalibai da malamai da ma'aikatan kwalejin jiragen sama da sojoji, wannan ya tafi wancan ya zo. Mai gidan haya yana son launin da ba wanda zai ƙi, wanda kowane labule zai zauna da shi. Na uku kuwa shi ne yadda arziki ya sauya murya. Da, mai kuɗi yana son a hango gidansa daga nesa. Yanzu, bayan shekarun fashi da rikici da satar mutane, so yake a wuce ba a lura ba. Katanga ta yi tsawo, an ɗora mata waya, get ya maye gurbin zaure, dakalin ƙofar gida ya ɓace. Fuskar gida da a da take gaisawa da mai wucewa ta koma ciki, ta bar wa titi bango shafe.

Ba na cikin masu kukan cewa komai na da ya fi na yanzu. Launin nan yana da kirki. Yana kwantar da ido bayan hayaniyar kasuwa, yana sa ƙaramin ɗaki ya yi faɗi, kuma duk abin da aka ajiye a gabansa sai ya fito. Amma tuwo ne, ba miya ba. Hausawa kuwa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da launuka suka janye, sai aikin ginin kansa ya bayyana, kuma abin da ya bayyana a yawancin sababbin gidajenmu shi ne babu komai: bango sumul an goge shi, silin ɗin fi'ofi iri ɗaya da na maƙwabci, tayil iri ɗaya da na banki. Babban Gwani ya yi aiki da launi ɗaya ya bar abin da masana ke zuwa gani daga ƙasashen duniya. Mu mun dawo ga launi ɗaya, amma mun baro tudu da kwarin da ke sa shi rayuwa. Shi ya sa za ka shiga gida goma a sabuwar unguwa, ka fito ba ka iya tuna wanne ne na wa, ɗan aike kuma sai ya kira waya sau uku kafin ya gane ƙofa.

Gyaran ba ya buƙatar a rushe komai, ba ya kuma buƙatar kowa ya koma gidan ƙasa. Wanda ya iya sayen tayil daga Sin da kujeru daga Turkiyya, zai iya ware bango ɗaya a falo ko fuskar get ya ba mai zanen gargajiya ya fitar masa da tudu da kwari, ko da siminti ne, a shafe shi da wannan launin dai, a bar rana ta ƙarasa aikin. Zai iya shimfiɗa tabarmar kaba, ya jefa titimin fata na dukawa, ya rataya saƙi ko faifai. Waɗannan kaya tun asali da irin wannan launi aka haife su, ba sa faɗa da shi. Ɗaliban zanen gine-gine da na zane-zane da ke Samaru kuwa, tafiyar da ke tsakanin ajinsu da unguwar Babban Gwani ba ta kai awa guda a mota ba, ya kamata a ce sun san hanyar kamar yadda suka san hotunan gidajen Dubai.

Abin da ke sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne shekarun masu sana'ar. Maginan da suka iya ɗaurin guga da haɗa laso da fitar da dagi da yatsa sun manyanta, 'ya'yansu da yawa sun kama tuƙin Keke Napep ko aikin bulo, kuma ba wanda zai ga laifinsu, sana'ar da ba a biya ba a gadonta. Fenti ko yaushe aka so za a samu a kanti, yayi kuma zai sake juyawa, wataƙila nan da shekara goma a koma kore. Gwaninta ce in ta tafi ba ta dawowa. In masu gini a Sabon Gari da Samaru suna son gidajensu su yi kyan da suke nema, to su fara sa kuɗin magini da mai zane a cikin lissafin gini tun daga tushe, kamar yadda suke sa kuɗin rodi da siminti, tun masu koyarwar suna raye.